Kwali ya ce 2,500, ni na auna 480: injin ne ke ƙarya ko ma'aunin?

Baban Hanifa, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da wata damuwa da ta hana ni sakat. Bara na sayi injin zuƙar ƙura mai ƙarfin doki biyu, irin mai buhu biyu ɗin nan, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na kafa shi a garejin gida inda nake ɗan taɓa aiki da yamma da kuma ranar Asabar. A jikin kwalinsa an rubuta yana jan iska kubik mita 2,500 a awa. Da farko ba laifi. Amma yanzu in na tura katako cikin injin filenin sai dusa ta riƙa tsalle tana zubo mini a ƙafa, uwargida kuma ta fara mitar shanyarta tana yin ja-ja duk ranar da na yi aikin maɗaci.

Na aro ma'aunin iska mai 'yar fanka a wajen wani abokina mai gyaran AC, na kara a bakin mesa mai inci 4. Lambar ta ƙi tsayawa, tana wasa tsakanin mita 11 da 21 a daƙiƙa, sai na ɗauki 17. Yarona ya buga lissafi ya ce kubik mita 480 ke nan a awa. To ina 480 ina 2,500? Cutata aka yi a sayen, ko ni ne ban iya awon ba?

Baba Usta, Zariya

Wa alaikumus salam. Shekara arba'in ina aikin katako ban taɓa auna iska ba. Ka kara tafin hannunka a bakin mesar. In ta kama ka, injin na aiki. In ba ta kama ba, ka kai shi gyara.

Injiniya, Jos

Baba, Allah ya ƙara girma, amma gwajin tafin hannu yana yaudara. Abin da hannu ke ji ƙarfin tsotso ne lokacin da iska ta tsaya cak. Ƙaramin injin shara zai kama hannunka fiye da wannan ninkin ba ninkin, alhali iskar da yake ja ba ta kai rabin ta wannan ba. Tsotso daban, yawan iska daban.

Baban Hanifa, mu fara da lambar kwali. Bakin mesa mai inci 4, wato milimita 100, faɗinsa murabba'in mita 0.00785 ne. Kafin kubik mita 2,500 ta bi ta wannan ƙofar a awa ɗaya, sai iskar ta yi gudun mita 88 a daƙiƙa. Wannan gudun kaɗai yana buƙatar matsin da zai ɗaga ruwa kusan santimita 48 a cikin tiyo, farfelar injin irin naka kuwa ko an toshe bakinta gaba ɗaya ba za ta kai rabin haka ba. Ka ga ashe ko injin lafiyarsa ƙalau, 2,500 ba za ta taɓa ratsa inci 4 ba. Masu ƙera su kan auna ne ba buhu, ba mesa, ba komai, farfela tana shan iska fayau, wasu ma ko hakan ba su yi, lamba kawai ake bugawa.

Abin da ya kamata ka sa rai da shi a inci 4 shi ne gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kubik mita 565 a awa. A ma'aunin Amurkawa da ake kira CFM, wajen 330 zuwa 350 ke nan. CFM ɗaya kubik mita 1.7 ce a awa, ga mai son juyawa.

Baban Hanifa, Kano

Alhamdu lillahi, ashe ban yi nisa da hanya ba. 480 da 565 ai 'yan gida ɗaya ne.

Injiniya, Jos

Kada ka yi saurin godiya tukuna. Ban yarda da 480 ɗin ba.

Oga Sule, Manchesta

Ni ma ban yarda da ita ba, don na faɗa wannan ramin. Ina da ma'aunin nan mai fanka a garejina. Kan nasa kaɗai ya kai santimita 7, kana kara shi a bakin inci 4 ka toshe kusan rabin hanya, sai iskar ta matse ta bi ta gefensa da cikinsa da gudu. Kuma iskar da ke shiga bakin bututu ba miƙe take shiga ba, ta kowane gefe take lanƙwasowa ta tsuke a tsakiya. Na taɓa samun 31 a wuri ɗaya, na ja baya da faɗin yatsa biyu na samu 19. Wacce zan rubuta? An yi shi ne don bakin AC da manyan tagogin iska, inda shi ƙarami ne ƙofar kuma babba.

Hajiya Mai Kabet, Kaduna

Ku yi mini haƙuri in sa baki. Ni da shi nake amfani a shagona kuma yana yi mini aiki. Ban damu da ko lambar gaskiya ce ba. Na sa yara sun yanka faifan filawud da rami daidai kan ma'aunin, kullum a nan muke zaunar da shi, a bututu ɗaya, ranar Litinin da safe. In ya nuna 24 yau, mako mai zuwa ya nuna 18, na san filta ta toshe ko wani tsumma ya maƙale. Ba sai na san CFM ba.

Injiniya, Jos

Hajiya kin yi daidai, matuƙar injinki kike gwadawa da kansa. Inda ake samun rikici shi ne in kika kawo 24 ɗinki nan, Oga Sule ya kawo 31 ɗinsa, a ce nasa ya fi naki. Tambayar Baban Hanifa kuwa ta ainihin adadi ce, don haka sai an auna a cikin bututu inda iska ta daidaita.

Ga yadda za ka yi ba tare da ka sayi wani abu mai tsada ba. Ka samo fayif na roba mai inci 4, miƙaƙƙe, tsawon mita 2, ka sa shi tsakanin mesa da bakin injin. Ka samo tiyo mai haske irin wanda magina ke ɗaukar lebul da shi, ka lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin allo, ka zuba ruwa rabi, ka kafa rula a tsakiya. Sai siririn bututun jan ƙarfe na masu gyaran firij, ka lanƙwasa bakinsa kamar L.

A nisan mita 1.2 daga inda iska ke shigowa fayif ɗin, ka huda ramuka biyu. Ta ɗaya za ka zura L ɗin har tsakiyar fayif, bakinsa na kallon inda iskar ke tahowa. A ɗaya ramin, ɗan ƙarami kamar milimita 2, za ka liƙa guntun bututu daga waje, kada ya leƙa ciki ko kaɗan, kuma ka goge ɓurɓushin hudar ta ciki da sanfefa. Ka haɗa kowanne da baki ɗaya na tiyon. Kana kunna injin ruwan zai sauka a gefe ɗaya ya hau a ɗayan. Tazarar da ke tsakaninsu a milimita ita muke so.

Lissafin: ka ɗauki tushen murabba'in tazarar ka ninka da 4, ka samu gudun iska a tsakiya. Milimita 25 na ba da 20, milimita 16 na ba da 16, milimita 9 na ba da 12. Tun da iskar tsakiya ta fi ta gefe gudu, sai ka ninka da 0.9. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani Bafaranshe Henri Pitot ne ya fito da ita a 1732 yana auna gudun ruwan kogin Seine, har yau kuma da irinta jirgin sama ke sanin gudunsa.

Baba Usta, Zariya

Daga dusar katako mun koma jirgin sama. To Allah ya kai mu lafiya.

Ɗan Maraɗi

Injiniya, me ya sa sai mita 1.2? Nawa fayif ɗin gajere ne, wuri ya yi mini kaɗan.

Injiniya, Jos

Iskar da ta fito daga gwiwa ko mesa mai ƙunya-ƙunya a hargitse take, sai ta yi tafiyar kamar faɗin fayif sau takwas kafin ta natsu. A inci 4 wajen santimita 85 ke nan, na ƙara ne don a samu sarari. A bar kuma aƙalla faɗin fayif biyu kafin a kai farfela. In wuri ya ƙi, ka ɗaura fayif ɗin na wucin gadi a tsakar gida, ka auna, ka cire.

Baban Hanifa, Kano

Na dawo. Jiya na shiga Ƙofar Ruwa na sayo fayif, tiyon kuma maginin da ke aiki a maƙwabta ya yanko mini mita biyu kyauta. Ruwan farin ya yi mini wuyar gani, sai Hanifa ta ɗiga mini zoɓo a ciki, ya fito jawur. Cikin fayif ɗin na auna da kalifa, milimita 104 ne, ba 100 ba.

Da komai a haɗe yadda nake aiki, mesa mita 5 zuwa filenin: milimita 9. Na maimaita sau uku, 9 ɗin dai, yana ɗan rawa zuwa 10.
Na rage mesar zuwa mita 1: milimita 11.
Na kakkaɓe buhun sama sai da na yi fari fat kamar mai niƙa: 12.

Injiniya, Jos

Madalla da ka auna cikin fayif ɗin, mutane da yawa a nan suke kuskure. Milimita 104 na ba da murabba'in mita 0.0085. Tara na ba da gudun 12, sau 0.9 ya zama 10.8. Akwai ɗan ƙari: lambar 4 ɗin nan ta iskar bakin teku ce mai sanyi. Kano ta ɗara teku da kusan mita 480, ga zafin bazara na digiri 40, iskarku ta fi sauƙi, don haka a ƙara kashi 6 cikin ɗari. Mu a Jos da muke kan mita 1,200 kashi 8 nake ƙarawa. Ya zama 11.4. Jimla kubik mita 350 a awa, wajen CFM 205.

Ka ga mai fanka ya ƙara maka fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kuma 350 ta yi kaɗan ƙwarai ga doki biyu. A gudun mita 11 dusa mai nauyi ba ta tafiya, kwanciya take a cikin mesa. Akwai abin da ke damun injin nan. Ka toshe bakinsa da faifan katako ka ga ko akwai inda iska ke sata, ka bi duk mahaɗa da hayaƙin turaren tsinke.

Ɗan Maraɗi

A'a Injiniya, kada ka sa bawan Allah ya ƙona motonsa. In ka toshe baki ai moto wahala zai sha.

Injiniya, Jos

Akasin haka ne, Malam, ko da yake kowa haka yake zato. Ka maƙala kilam mita, ma'aunin wutar da moto ke ja, a waya ka gani da idonka. Kana toshe bakin, wutar da moton ke ja sauka take, don farfela ba ta da iskar da za ta ɗauka, juyi kawai take a banza. Sanyaya moton kuma 'yar fankar da ke bayansa ce ke yi, ba iskar cikin bututu ba. Injin sharar ɗaki ne ke zafi in an toshe shi, don da yawansu da iskar da suke zuƙa suke shan sanyi. Abin da ke ƙona moton irin wannan injin shi ne a sake shi fayau, ba buhu ba bututu, ya kwashi iskar da ta fi ƙarfinsa, musamman in wuta ta yi ƙasa.

Baban Hanifa, Kano

Innalillahi. Ai kuwa haka nawa ya ƙone. Bayan sallah ƙarama na samu aikin ƙofofi shida, buhu na cika kowane minti ashirin, sai na cire buhunan duka da mahaɗar gaba mai baki biyu, na juya bakin fitar zuwa bayan gida. Ranar wutar ma ja take. Wajen la'asar na ji ƙauri. Na kai wa wani mai naɗin koyil ya yi kwana huɗu da shi, na dawo na ɗaura.

Baba Usta, Zariya

Tsaya. An sake naɗa shi? To tun daga lokacin ne ya rage ja, ko tun kafin nan?

Baban Hanifa, Kano

Baba, yanzu da ka faɗa, ina jin tun daga lokacin ne. Na ɗauka koyil ɗin ne bai kai na kamfani ba.

Baba Usta, Zariya

Yaro, je ka duba ina yake juyawa. Mun sha ganin haka a injin tsaga, sai dai shi zarto in ya juya baya ko makaho ya sani. Fanka kuwa munafuka ce, ko ta juya baya tana ja, sai dai ja na rowa. Ka kunna ka kashe, ka tsaya ta bayan moto ka kalli 'yar fankar lokacin da take lafawa. Gidan farfelar kamar dodon koɗi yake, dole juyin ya bi inda gidan ke buɗewa zuwa bakin fita. Kada ka sa hannu, kuma kada ka leƙa ta gaba sai ka zare filogi.

Injiniya, Jos

Wallahi Baba ka riga ni, ban kawo wannan a raina ba. Gaskiya ne, farfelar irin wannan daga tsakiya take ɗauka ta watsa gefe ko ta ina ta juya, shi ya sa ba ta koma busawa, sai dai iskar ta riƙa karo da gidan. Baban Hanifa, in ya tabbata, juya filogi ba zai gyara ba. A moto mai layi ɗaya sai an musanya wayoyi biyu na koyil ɗin tayarwa, wanda ke haɗe da kafasita. Mai layi uku ne ake musanya kowane biyu a huta. Ka mayar wa mai naɗin, aikin minti goma ne.

Alhaji Kumasi

Kafin ya dawo bari in shigar da tawa. Ni a Sokoban nake sayen katako amma a gida nake aiki. Na sayi injin da aka kawo daga Amurka, na hannu, mai wuta volt 240. A bidiyon da na gani Bature ya auna irinsa sak ya samu lamba mai kyau. Nawa kuwa bai kai ba, ga moto na zafi kamar dutsen guga. Shi ma baya yake juyawa?

Oga Sule, Manchesta

Alhaji, naka ciwon daban ne. Wutar Amurka 60 Hz ce, wato sau 60 take kai da komowa a daƙiƙa, ta Ghana da Najeriya da Nijar da nan Ingila 50 ce. Moton da ke juyi 3,450 a minti a can, a wajenmu kusan 2,850 zai yi. Yawan iska na bin juyi kai tsaye, ka rasa kashi 17 cikin ɗari. Matsi kuwa ya fi faɗuwa, kashi 69 kawai zai rage maka. Zafin kuma saboda an naɗa shi ne don 240 a kan 60, kai kana ba shi 230 a kan 50, ƙarfen cikinsa na shan fiye da rabonsa. Shi ya sa nake gaya wa mutane su daina gwada injinsu da lambobin da suke gani a bidiyon Amurkawa, ko da sunan injin ɗaya ne.

Alhaji Kumasi

To ba magani ke nan?

Injiniya, Jos

A canza moto zuwa na 50 Hz zai magance zafin, amma juyin na nan a 2,850. In ana son iskar ta dawo sai farfela mai faɗi, in gidan zai ɗauka, kuma a auna wutar da moto ke ja bayan an sa, kada ta wuce abin da ke rubuce a jikinsa.

Oga Sule, Manchesta

Ni fa ina ganin duk mun tsaya a kan dusar da ido ke gani. Ko Baban Hanifa ya kai 565 ɗin, ɓarzar filenin kawai zai kwashe. Wadda ke shiga huhu ita ce ƙasa da maikiron 10 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), gashin kai kuwa wajen 70 ne, ku kwatanta. Buhunan da ke zuwa da waɗannan injinan da yawa maikiron 30 suke tarewa, sauran su tace maka ita su dawo maka da ita ɗaki. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa tun 1995, musamman ta hanci. Nan Ingila iyakar da doka ta yarda a wurin aiki miligiram 3 ce a kubik mita ga katako mai tauri, 5 ga mai taushi. Iroko kuma an san shi da tayar da asma. Akwai wani Ba'amurke Bill Pentz da ƙurar shagonsa ta taɓa kai shi asibiti, ya daɗe yana rubutu a kan haka, shi CFM 1,000 yake cewa a nema a bakin babban inji, wato kubik mita 1,700. Inci 4 ba ta da wannan. Ko inci 6 a gudun mita 20 wajen CFM 785 take bayarwa.

Hajiya Mai Kabet, Kaduna

Oga Sule, kai gareji kake a rufe ruf saboda sanyi, iskar da ka shaƙa da safe ita za ka shaƙa da yamma. Mu rumfa muke, gaba a buɗe baya a buɗe. Injin da zai ba ni CFM 1,000 sai doki uku zuwa biyar, wane janareta zai tayar da shi, da wane kuɗin mai? Na fitar da injina waje bayan bango, abin da ya tsere daga buhu iska ta ɗauka. Kuma ina da ɗan ma'aunin ƙurar nan na PM2.5, wato ƙurar da ba ta wuce maikiron 2.5 ba. Da hunturun da ya wuce na kai shi waje kafin mu kunna komai, abin da ya nuna ya fi na cikin shago a ranar damina ana tsaka da aiki. To wacce zan tare?

Oga Sule, Manchesta

Hajiya, ƙurar hunturu ba ta hana ta MDF, allon nan na matsattsiyar dusar katako, shiga, tarawa suke. Ki auna waje, ki auna inda hancin yaron ke tsayawa lokacin da yake goge allo, bambancin shi ne naki. Kuma waɗannan ƙananan ma'aunan ba sa ganin manyan ƙwayoyin da suka fi yawa a ƙurar katako, kada lambar ta kwantar miki da hankali.

Hajiya Mai Kabet, Kaduna

Wannan na karɓa. Wajen guga dama takunkumi dole ne a shagona, wanda ya cire na rage masa kuɗin abinci. Amma 1,000 ɗin nan ban karɓa ba.

Baba Usta, Zariya

Ni abin da na sani, ko guguwa ka haɗa da bututu, in bakin ya yi nisa da inda dusa ke fita aikin banza ne. Ku hura ashana daga kamu ɗaya ta mutu. Ku gwada zuƙe ta daga nan mu gani.

Injiniya, Jos

Baba yau ranarka ce. Littattafan ma haka suka ce: in ka matsa daga bakin bututu da tazarar faɗinsa ɗaya kawai, gudun iskar bai kai kashi 10 cikin ɗari na wanda ke bakin ba. Santimita 10 ke nan a inci 4. Don haka murfin da ya rungume wurin yanka ya fi ƙarin doki ɗaya amfani sau da yawa.

Baban Hanifa, Kano

Jama'a, Baba ya canka. Baya yake juyawa. Akwai ma 'yar kibiya a jikin gidan farfelar, ƙura ta rufe ta, sai da na goge da tsumma na gan ta tana nuna hagu, moto na bin dama. Na kai wa mai naɗin, da farko ya ce ba daga wajensa ba ne, da na nuna masa kibiyar a waya sai ya yi shiru ya ɗauko sukundireba. Bai karɓi ko sisi ba.

Na dawo na auna a ramukan nan dai, ban canza komai ba:
Mesa mita 5, buhu yadda yake bayan aikin kwana biyu: milimita 21.
Mesa mita 1: 25.
Bayan kakkaɓe buhu: 27.

Ƙarar injin ma ta canza, da wani irin gurnani yake, yanzu kuwa fito-fito. Mesar har tsukewa take in na kunna.

Injiniya, Jos

Ma sha Allah. Ashirin da ɗaya na ba da kusan kubik mita 535, ashirin da bakwai kuma 605, wato CFM 355 ko kusa. Daga 350 ke nan. Ka kai inda inci 4 ke iya kaiwa. Ka lura kuma mita 4 na mesa kaɗai sun ci maka milimita 4, don mesa mai ƙunya na jan iska baya ninki biyu zuwa uku na fayif mai santsi. Ka bar fayif ɗin a wurin dindindin, mesa ta zama guntuwa a ƙarshe. In za ka juya kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90.

Ɗan Maraɗi

Ni ina so in sa duro a gaba mai faifan nan na Thien, wanda ke raba dusa da iska ta zube cikin duron, don kada buhu ya riƙa cika. Iska nawa zai ci mini?

Injiniya, Jos

Zai ci, babu mai raba dusa da ke aiki kyauta, ko faifan ko mai mazurari. Nawa ne kuwa ya danganta da yadda ka ƙera shi da yadda murfin ya zauna. Ka auna kafin ka sa, ka auna bayan ka sa, sannan ka sake aunawa bayan mako biyu, don ribarsa ita ce buhunka zai daɗe bai toshe ba. Ka kawo mana lambobin uku.

Oga Sule, Manchesta

Baban Hanifa, ka cire mahaɗar nan mai baki biyu ka auna ramin da ke bayanta. In ya kai inci 5 ko 6, kana zaune a kan iskar da ba ka amfani da ita. Ka ja fayif mai inci 6 ka buɗe bakin murfin filenin ɗin.

Hajiya Mai Kabet, Kaduna

Ya ja inci 6 da doki biyu a wutar 50, gudun ya faɗi, dusa ta kwanta masa a ciki, moto kuma ya ƙara jan wuta ya sake ƙonewa. Ku bar mutum ya huta da abin da ya samu.

Oga Sule, Manchesta

Ai yanzu yana da abin awo, Hajiya. In ruwan ya tsaya sama da milimita 20 a inci 6 ba abin da zai kwanta, kilam mita kuma ta gaya masa halin moto.

Hajiya Mai Kabet, Kaduna

In ya kai 20 a inci 6 da wannan injin, ni zan biya kuɗin fayif ɗin.

Baban Hanifa, Kano

Na auna ramin, inci 5 ne, don haka ku biyun sai ku raba kuɗin. Wani abu kuma: daren jiya an ɗauke wuta na tayar da janareta, ruwan ya tsaya a 24 maimakon 27, ina tura katako mai faɗi cikin filenin ya ƙara sauka zuwa 22 sannan ya dawo.

Injiniya, Jos

Janaretanka ne ke ƙasa da 50. Daga 27 zuwa 24 na nuna yana wajen 47 Hz, in filenin ya ɗau kaya kuma ya ƙara nutsewa. Ka sa mita mai nuna Hz, mai gyara ya ɗan taɓa gwamna, abin da ke daidaita gudun janareta, yayin da injinan biyu ke kunne.

Baban Hanifa, Kano

To zan kira shi gobe in Allah ya kai mu. Sai dai zoɓon ya fara yin fari-fari a sama, kiyashi kuma sun gano bakin tiyon. Me zan zuba wanda ba zai lalace ba?

Baba Usta, Zariya

Shuɗin wanki, ɗan kaɗan a bakin tsinke.